Maganar Uba a Katin Memori

Matasan da suke leƙowa shagona a Tudun Wada kusan magana ɗaya suke yi mini. "Baba, ai wannan aikin naku ya zama banza yanzu. Waya ce kawai da data." Ba na musu da su, domin wayar da ke aljihun wasunsu ta fi kyamarar da na fara aiki da ita fitar da hoto. Tambayar da nake yi musu ita ce: idan an ɗauka, wa zai kalla, a ina zai kalla, kuma wa ke zaune kusa da shi lokacin da yake kallo? 

Sana'ata ita ce shirya gajerun bidiyo na faɗakarwa don samari da 'yan mata: yadda yaro zai ce wa abokansa a'a, da yadda zai buɗe baki a gidansu idan abu ya dame shi. Makarantu ne suke ba ni aiki, da ƙungiyoyin mata, da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi. Na yi aiki daga Bebeji zuwa Kiru, na gangara har Doguwa.

Ba da kyamara na fara ba. A wani gidan rediyo a Kano na koyi aiki, a hannun wani dattijo mai suna Malam Haladu, wanda yake gabatar da shirin manoma. Aikina ɗaukar jakar rakoda da riƙe makirufo. Fitarmu ta farko Tiga muka je, hira da masunta a bakin dam. Iska tana kaɗawa daga ruwa. Malam Haladu ya zauna a kan kwale-kwalen da aka kife, ya cire safar ƙafarsa ya sanya wa makirufo, ya ce in juya wa iskar baya. Masuntan suka yi ta dariya, amma maganarsu ta fito tas. Shi ne ya koya mini cewa kafin a kunna komai, sai an tsaya an saurari wurin. Ina injin niƙa yake? Ina aka ɗaure awaki? Yaushe 'yan acaɓa suke cika hanya, kuma saura nawa a kira salla? Har yau ba na dasa ƙafar kyamara a wuri sai na yi wannan sauraro. Da aka rage ma'aikata a gidan rediyon na dawo gida, na sayi tsohuwar kyamara, da kwamfuta, da majigi, da ƙaramin janareta wanda yake mutuwa duk lokacin da aka kai tsakiyar labari.

Aikin da ya fara nuna mini inda wahalar sana'ar take, a Kiru aka yi shi. Wata ƙungiya ta aiko da rubutaccen labari daga birni, aka ce in ɗauka yadda yake, kada in canza komai. A cikin labarin, uba ya lura ɗansa na fari ya shiga miyagun abokai. Sai ya kira shi da sunansa, ya zaunar da shi kusa, ya dafa kafaɗarsa, ya dube shi ido da ido ya ce, "Gaya mini abin da ke zuciyarka." Na ɗauka kamar yadda aka rubuta. Muka kai shi wata sakandare da hantsi, muka toshe tagogin aji da tabarmi, muka rataya farin ƙyalle a kan allo. Yaran suna kallo tsit har aka zo wurin dafa kafaɗa. Sai ajin ya fashe da dariya. Wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wannan baban a wane gari yake? A ba mu aronsa na sati ɗaya."

Ba rashin kunya ta yi ba. Gaskiya ta faɗa. A gidajenmu da yawa uba ba ya kiran sunan ɗan fari, uwa ma haka, ko ta fi. "Yaron nan" ne, ko "wancan". Ba a zama da shi a yi hira, balle a dafa shi. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kunya ce da aka gada, kuma a rugage ta fi ƙarfi. To idan ka nuna wa yaro uban da babu irinsa a unguwarsu, abin da ya koya shi ne cewa maganar ba da gidansu ake ba.

Daga nan na fara zama da iyaye da kakanni kafin in rubuta layi ɗaya, ina tambaya yadda magana take tafiya a gida. Na gano tana tafiya, amma ta kewaye. Uba yana tsayawa a tsakar gida ya yi wa uwa magana da ƙarfi, alhali yaron da ke zaune a zaure ake nufi. Ko a aiki baffa. Ko gwaggo ta zo kwana biyu da sunan ziyara. Ko kaka ta fara da wasa, ta ce wa jikanta, "Mijina, na ga idonka ya yi ja, wace kishiyar ce ta hana ka barci?" a ƙare da gaskiya. A gona kuwa, uba da ɗa suna iya yin magana mai nauyi matuƙar kowa yana duban kunyar da yake nomewa. Don haka na daina sa 'yan wasana su fuskanci juna. Na riƙa ɗaukarsu daga gefe, hannu yana aiki, baki yana magana. A Bebeji mun yi ɗaya a kan yarinyar da ƙawayenta suka matsa mata ta fara shafa man da ke sa fata haske. Ba uwarta ta gaya wa ba, ƙanwar uwarta ta gaya wa, suna gyaran zogale. Da aka nuna shi babu wanda ya yi dariya. Wata malama ta ce mini bayan an tashi 'yan mata sun yi layi a ƙofar ofishinta.

Wannan duka yana cin lokaci, kuma masu ba da aiki ba sa son abin da ke cin lokaci. Akwai shekarar da komai ya tsaya. Ƙungiyar da ta fi ba ni aiki ta rufe ofishinta ta tafi. Makarantu suka ce babu kasafi. Fitilar majigi ta ƙone, na rasa wadda zan maye da ita. Yaran kuma hankalinsu ya koma kan bidiyon barkwanci masu gajarta, waɗanda ake turawa daga waya zuwa waya. Na koma ɗaukar biki da saukar karatu don in riƙe shago. A wannan shekarar ce Malam Buba ya zo.

Makiyayi ne daga wajen Burumburum, yana noma kuma. Dogo ne, siriri, mai magana a hankali. Ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa, sai da na ce ya shigo har sau da yawa. Muka gaisa, muka tambayi iyali da shanu da damina. Ya daɗe yana kallon kyamara a kan tebur, sannan ya ce ya taɓa ganin aikina a taron iyaye a firamaren garinsu.

"Malam, waɗannan mutanen da suke magana a ciki, ana iya sa kowa?"

"Ana iyawa. Wasa kake so ka yi?"

"A'a. Ni ba na wasa. Magana nake so in yi wa wani yaro."

"Yaron wa?"

Ya sunkuyar da kai. "Yana gidana."

Na gane. Daga baya a bakin maƙwabta na ji sunan yaron Sa'idu, ɗansa na fari, saurayi ɗan shekara goma sha bakwai. Da rani yakan je ƙwadago gonakin noman rani na Tiga tare da wasu samarin garin. Can suka koya masa haɗiyar ƙwayar da suke cewa tana hana gajiya. Yanzu kuma sun fara zuga shi su tafi ramukan haƙar ma'adinai a ƙasar Doguwa, suna cewa mai bin shanu ba ya sayen babur.

Na ce, "Ba shi da baffa?"

"Ƙanena ne yake yi masa magana. Ya rasu bara."

"Kakarsa fa?"

"Ta riga ƙanena."

"Mahaifiyarsa?"

"Malam, ita ma ai na farinta ne."

Duk hanyoyin da magana take bi a gidan sun toshe. Mutumin ya yi tunani ya ga cewa idan ba zai iya duban yaron ba, zai iya duban na'ura.

Na ɗaure kayan aiki a bayan acaɓa na je rugarsu da hantsi, bayan an kora shanu kiwo kuma Sa'idu ya fita. Na saurari wurin. Babu injin niƙa, sai maraƙi ɗaya da ke kuka, na sa aka matsar da shi. Malam Buba ya fito da rigarsa ta Juma'a. Na zaunar da shi a kan turmi a gindin tsamiya, na maƙala masa ƙaramin makirufo a wuyan riga. Na ce kada ya kalli kyamara, ya kalli garken da babu kowa. Na ba shi igiya ya riƙe don hannunsa ya sami abin yi. Na kunna, na koma bayan bishiya.

Ya daɗe bai ce komai ba. Sabon shiga zai kashe kyamara a nan don tattalin batir. Ba a kashewa. Can ya fara.

"Yaron nan. Ni ne. Da aka haife ka ina daji da shanu. An aiko mini, ban zo ba sai da aka yi suna. Ba don ban so ba. Haka aka yi mini, haka na yi. Na ga hannunka yana rawa in ka ɗauki ƙwarya. Na ga ba ka cin tuwo. Ban tambaye ka ba, amma na gani. Waɗannan da kake bi, ba su san ranar da ka yi ƙyanda ba. Karsanar nan ja taka ce. Tun tana maraƙa taka ce, ban gaya maka ba ne. In babur kake so, a sayar da ita. Kada ka shiga rami."

 Ya kai bakin rawaninsa ya share hawaye. Ya ƙara wasu maganganu da Fillanci waɗanda ban fahimta ba, ban kuma tambaya ba. Sannan ya ce, "Shi ke nan, Malam."

Ban sa kiɗa ba, ban yanke shirun ba, ban rubuta suna a kai ba. Na gyara sauti kawai, na zuba a katin memori na naɗe a takarda. Da ya zo karɓa na ce masa, "Wannan hannun yaron zai shiga. Daga hannunka zuwa nasa. Kada ya bi ta wurin kowa."

Ya ce to.

Amma miƙa wa ɗan fari abu hannu da hannu, a ce masa kalli wannan, shi ma magana ce. Malam Buba ya yi kwanaki da katin a aljihu. Daga ƙarshe ya nemi hanyar kewaye, yadda ya saba. Ya san Sa'idu yana barin wayarsa caji a kasuwa, a shagon wani Ɗanliti mai cajin waya da tura fina-finai. Sai ya kai wa Ɗanliti katin ya ce idan wayar yaron ta zo, a zuba masa abin da ke ciki, kada a ce daga wa.

Ku da kuka san shagon turi kun san yadda ake yi. Duk katin da ya zo, sai an fara kwafe shi a kwamfuta. Kuma tambayar kowane mai shigowa ita ce, "Me ya shigo sabo?" Ranar Sa'idu bai kawo wayarsa ba. Waɗanda suka kawo tasu abokansa ne.

Kafin kasuwa ta zagayo, abin ya cika wayoyin samarin yankin. Ba cikakken ba. Wani ya yanke inda dattijon ya ce "Karsanar nan ja taka ce" da inda ya share hawaye, ya maimaita su a jere, ya ɗora kiɗa da muryar mutane suna ƙyaƙyata dariya. Ni kaina a tashar Tudun Wada na gan shi, a hannun wani kwandasta. Sa'idu kuwa a majalisarsu ya fara ganinsa, a wayar wani, ana leƙa fuskarsa ana jira. Wanda ya ba ni labari ya ce wani daga cikinsu ya tashi yana kwaikwayon kukan, ya ce, "Mai jar karsana, a tafi gida, Baba yana kuka, nono zai yi tsami." Wani ya ce, "Ku bar shi, ai shi ba ya zuwa rami, sai an tambayi garke." Sa'idu ya yi dariya tare da su. Washegari yana cikin motar farko da ta ɗauki samarin zuwa Doguwa.

Na je wurin Ɗanliti tare da mai unguwa. Ya rantse shi bai yanke komai ba, turawa kawai ya yi, kuma wanda ya tura wa ya goge dogon bidiyon bayan ya cire abin da yake so. Ya ce, "Baba, ni wallahi na ɗauka sabon ɗan wasa ne. Ya iya sosai." Ya goge na kwamfutarsa a gabanmu. Na wayoyin mutane kuwa babu mai iya gogewa.

Bayan 'yan kwanaki Malam Buba ya zo shago. Bai zauna ba. Ya ajiye katin a kan tebur.

"A kashe wannan. Da wanda ke cikin injinka."

Na ce, "Malam Buba, a bar guda ɗaya a wurina. Ba mai gani. Yaron bai ga cikakken ba."

"Ya ga abin da ya gani."

"Wata rana zai nema."

"Malam, yara suna bina a kasuwa suna kukan saniya. Matata ba ta zuwa rijiya. Fuskata ce ko taka?"

"Taka ce."

"To a kashe."

A wannan sana'a fuskar mutum tasa ce. In ya ce a ɗauka, a ɗauka. In ya ce a goge, a goge. Wanda ya ɓoye kwafi a bayan mai shi, ba shi da bambanci da mai shagon turi. Na sa katin na goge. Na buɗe kwamfuta na nuna masa fuskarsa a gindin tsamiya, na goge, na shiga kwandon shara na goge. Ya ce in nuna masa kyamara ma. Na nuna masa. Ya yi godiya ya fita.

Damina ta wuce, aka yi kaka. Wata rana bayan azahar ina tace bidiyon wani biki, sai wani saurayi ya yi sallama. Ya rame, ƙafafunsa da farcensa duk jar ƙasa ta kama su, tari yana cin sa. Tsayinsa da yadda ya tsaya a bakin ƙofa suka gaya mini ko wane ne tun kafin ya faɗa.

"Baba, kai ne ka ɗauki tsohonmu?"

"Ni ne. Shigo, Sa'idu."

Ya shigo ya tsuguna. Na ba shi ruwa, ya riƙe kofin da hannu biyu. Ya ce rami ya rufta da ɗaya daga cikin waɗanda suka tafi tare, sauran sun watse, shi ya koma wani ramin. Ya fito da waya mai fasasshen gilashi ya ajiye a gabana.

"An ce akwai dogo. Wanda ba kiɗa. Shi nake so a sa mini."

"Babu shi."

"Ko nawa ne, Baba."

"Ba maganar kuɗi ba ce. Shi ya ce a goge, na goge."

Ya dube ni, ya dubi kwamfutar. "Duka?"

"Duka."

Ya daɗe yana juya wayar a hannu. Ya ce, "Na kiɗan yana ciki. Ina rage sauti in kalli bakinsa. Amma iya wurin karsanar ne."

Na ce masa ina tune da abin da ya faɗa da Hausa, kusan kalma da kalma, in yana so zan maimaita masa. Na fara: "Yaron nan. Ni ne. Da aka haife ka ina daji..."

Ya ɗaga hannu. "Baba, yi haƙuri. Kai kamar labarai kake karantawa."



Na ce, "Burumburum ba nisa. Ga 'yan acaɓa nan a bakin titi. Yana nan da ransa."

"In na je zai tashi ya tafi wurin shanu. Ni ma in zauna a bayan ɗaki. Ka san haka."

"Ko da haka ne, ka je."

"Da Fillanci ya yi wata magana a ƙarshe, an ce. Me ya ce?"

"Ba na jin Fillanci."

Ya gyaɗa kai. Ya shanye ruwan, ya ajiye kofin a ƙasa kusa da ƙafar tebur, ya yi godiya. Na fito bakin shago ina kallonsa. Ya tsaya a wurin 'yan acaɓa, ɗaya ya tayar da babur yana tambayarsa ina za shi. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tsallaka titi, ya shiga motar Doguwa.